Shekarar da Aka Kwashe Kekunan Ɗinki a Gurda

Jiya na ji ɗayanku yana cewa ɗinki ba wani abu ba ne, wai wata uku ya isa mutum ya kama shago ya rubuta sunansa a ƙofa. Wata uku! Ni Garba da kuke gani, sai da na shekara guda cur a shagon Malam Idi ɗan Damagaram, nan Sabha, bayan masu walda na unguwar Gurda, ban ɗora ƙafata a kan keke ba. Aikina hura gawayin dutsen guga, ɗinka maɓalli, da kalmasa da hannu. In na kai masa kalmasa ya ga zare ya leƙo ta waje, sai ya sa bakin almakashi ya farke ta tun daga farko ya miƙo min. Ku yanzu an ba ku keke mai lantarki, kun danna ya ruga, kun ɗauka ku ne kuke ɗinkin. Keke ne yake gudu, ku dai kuna riƙe da yadi.

Abin da Malam Idi ya fi matsa min a kai ba allura ba ce, tambaya ce. In mutum ya kawo yadi, kafin ka warware tef sai ka tambaye shi: wa zai sa, ina zai sa, me zai zuba a aljihu. Na taɓa ce masa, "Malam, ina ruwanmu da abin da mutum zai zuba a aljihunsa?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ɗan Kano, aljihun direba daban, na magini daban. Wanda bai tambaya ba, buhu yake ɗinkawa."

Lokacin kuɗin mai yana zuba a ƙasar nan kamar an fasa tulu. Ko ina gini, ko ina kamfani, kowane kamfani da kakin ma'aikatansa. Ga kantin gwamnati, in an sauke wanduna sai ka ga duk girmansu ɗaya, na ƙaton mutum. Kowa ya saya ya kawo mana: a rage ƙugu, a matse cinya, a ɗage hantsa. Da Malam Idi ya tsufa ya koma gida, ya bar min shagon da keke biyu da littafin awo. A littafin nan nake rubuta sunan kowa da ajami, da awonsa, da irin gyaran da aka yi masa. Ku riƙe maganar littafin nan, don shi ya kusa halaka mutane.

Akwai wani wando da ba na mantawa, ruwan toka, yadi mai kyau, ni na ɗinka shi da hannuna. Mai shi Salim, ɗan Hajja Mabruka ta unguwar Abdulkafi. Hajja 'yar ƙasa ce, amma kakarta daga wajen Katsina aka zo da ita, don haka tana jin Hausa, tana kuma yin ta da irin karyewar harshensu. Tun Salim yana firamare ni nake yi masa kayan makaranta. Ammi Garba yake ce min, wato baffa. Ya girma, ya tafi karatun injiniya can arewa bakin teku, ya yi shekara biyu. Da ya dawo hutu sai ga shi da wandon nan a leda. Bai yi min sallama irin ta da ba. Ya ajiye ya ce a ɗage ƙafar ta wuce idon sawu.

Ni ban ga laifi ba. Malamin da ya karantar da ni a garinmu ɗangalallen wando yake sawa har ya rasu, kuma ban taɓa ganin mutum mai taushin zuciya kamarsa ba. Na ninke ƙafar ciki zan kalmashe, yadda muke yi, don in mutum ya sake shawara a sauke masa. Salim ya juya wandon ya ga ninkin.

"Yanke za ka yi," in ji shi.

Na ce, "Ɗana, yadi ba ya tsiro. In na yanke, shi ke nan."

"Shi nake so. Ka yanke."

Na yanke. Yana tsaye sai ya nuna rediyona ya ce kiɗan da take yi haramun ne. Na rage murya. Ya nuna littafin samfurin ɗinki da ke rataye, mai hotunan mutane, ya ce mala'iku ba sa shiga shagon nan. Na ce, "To su wa suke tsare min shi shekara goma sha?" Bai yi dariya ba. Yaron da na taɓa ɗinke wa wando a jikinsa yana kuka don ya yage shi a kan katanga, shi ne yau yake koya min Musulunci, yana kirana da "kai" maimakon Ammi.

Bayan kwana kaɗan Hajja ta zo, ta zauna a benci ta kira ni Usta, yadda suke ce wa mai sana'ar hannu a nan, ta ce, "Usta Garba, yaro na ya lalace. Ba ya cin abinci na gida. Ya ce kuɗin uban shi na gwamnati ne, gwamnati kafiri, uba kafiri." Uban magatakarda ne a wani ofis, mutum mai salla, bai taɓa fashin azumi ba. Ta ce Salim ya daina bin limamin unguwa, wai shi ma ma'aikaci ne. Sai shi da wasu samari huɗu, su ke sallarsu daban, su ke sauraren kaset ɗinsu. Duk garin nan, da masallatansa da alhazansa, mutum biyar ne kaɗai suka rage Musulmi. Na ce mata ƙuruciya ce, za ta wuce. Na yi kuskure.

Aikin da ya fi kowanne tsaya min a rai, ban ma yi shi ba. Wata ranar Talata bayan azahar Salim ya shigo da kaki mai kauri, irin na tanti. Ya ce farmala yake so, wato 'yar falmaran da 'yan ƙasa ke sawa a kan riga, amma da aljihu shida ta ciki, uku dama uku hagu, kowanne da murfi. Guda biyar iri ɗaya.

Na ce, "Me za a zuba?"

"Littattafai."

"Wane littafi? Kawo in auna."

Ya ɗauki allina ya zana a kan tebur. Tsawo kamar taƙi guda da ɗan ƙari, faɗi yatsa uku, ga ɗan lanƙwasa a ƙasa. Na tsaya ina kallon zanen. Na yi wa sojoji gyaran kaya ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na san abin da ke da wannan lanƙwasar: gidan harsashi ne. Babu littafin da aka taɓa bugawa a duniya mai wannan siffa.

Na sa hannun riga na goge allin. Na ce, "Ba na yi."

Ya ce, "Kana tsoron mutum, ba ka tsoron Allah?"

Na ce, "Tsoron Allah ne ya sa. Wa za ka harba? Ɗan sandan da ke tsaye a shingen hanya, wanda uwarsa ke jiran albashinsa? Shi ma da alwala yake tsaye a wurin."

"Ba ka san komai ba. Baƙo ne kai, ciki ya kawo ka."

"Ciki ya kawo ni, gaskiya ne. Kai me zai kai ka?"

Ya naɗe kakinsa ya fita. A ranar na rufe shago na tafi Abdulkafi na gaya wa uwarsa da ubansa. Za ku ce me ya hana ni kai maganar ga hukuma. Ku je ku tambayi duk baƙon da ya zauna a nan a wancan zamani. In ka shiga ofishin nan da labari, tambayar farko ita ce yaya aka yi ka sani, kuma ba lalle ka fito ba. Uban ya ce zai ɗauke shi ya kai shi ƙauye wurin kawunsa. Kafin ya shirya, Salim ya tsallake, ba a sake ganinsa a Sabha ba.

To, ga inda takaicin yake. Tsallaken titi akwai wani tela, Iliya, mutumin Maraɗi. Hannunsa da sauri, ba ya ƙin aiki, irinku sak: wata shida ya koya ya buɗe shago. Ya zo shan shayi wurina yana murmushi ya ce, "Usta, aikin da ka kora ni na yi. Rana ɗaya na gama biyar ɗin."

Na ce, "Ka tambaye shi abin da zai zuba?"

"Ya ce farauta za su."

"Farautar me, Iliya? Barewa nawa ce a hamadar nan da za a ɗaukar mata aljihu talatin?"

Ya ce shi tela ne, ba alƙali ba. Na ce Allah ya kyauta.

Ba a yi wata biyu ba labari ya zo cewa an buɗe wuta a wani shinge a hanyar arewa. An kashe 'yan sanda, an kashe wani direban babbar mota da tsautsayi ya tsayar a wurin, an kashe biyu cikin maharan, sauran sun gudu. Rediyo ba ta faɗa ba, amma kafin la'asar kowa ya ji. Daga nan mutanen amni, wato jami'an tsaron farin kaya, suka bazu a gari. Da ma a ce masu laifin suka nema, da ba wanda zai ce kanzil. Ina! Duk mai gemu abin zargi ne. Saurayin da ke zuwa sallar asuba kullum abin zargi ne. Wando ya ɗage daga idon sawu, an jefa ka a mota. Masu aski suka yini suna kwashe gemu. Tsoho mai shekara saba'in ya aske gemun da ya tara tun aurensa na fari, ya fito kamar an fige kaza, jikokinsa ba su gane shi ba.

Sai mata suka fara sallama a shagona, kowace da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi. Wandunan 'ya'yansu ne, a ƙara musu tsawo. Ku da kuka ce ɗinki ba wuya, ku gaya min yadda ake ƙara tsawon wandon da aka yanke. Wanda aka ninke da sauƙi: ka farke, ka sauke, sai dai tsohon layin guga yana nan fari kamar an ja da alli. Sai ka jiƙa tsumma da ruwan khal, wato ruwan tsami, ka shimfiɗa, ka danna dutse mai zafi sau uku ko huɗu. In bai ɓace ba ka bi layin da ɗinki kamar ado ne, ƙafa biyun duka. Wanda aka yanke kuwa, nan ake sanin tela. Sai ka nemo yadi daga jikin wandon kansa, daga cikin ƙugu ko bayan aljihu, don sabon yadi ba zai taɓa dacewa da wanda rana ta ci ba. Ka haɗa, ka naɗo bakin ƙafar waje irin naɗin 'yan boko, haɗin ya ɓuya a cikin naɗin. In zaren yadin ya saɓa ko da kaɗan, ido zai kama. Kuma idon da zai kama ɗin ba na mai kaya ba ne, na mutumin da ke tsaye a shinge da bindiga ne. Mako uku ban yi wani aiki ba sai wannan. Yawancin yaran nan ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, sun ga abokai sun ɗage ne suka ɗage.

Ranar wata Lahadi da hantsi motoci biyu suka tsaya a layinmu, ɗaya babba mai buɗaɗɗen baya. Suka bi shagunan teloli ɗaya bayan ɗaya. Ba su tambayi komai ba, keke kawai suke ɗauka su ɗora a mota, su ce mai shi ya hau. Mu goma sha ɗaya muka hau, har da Iliya. Wani ya ga littafin awona a kan tebur ya sa a hammata.

A ofishinsu wani hafsa mai ƙaramin gashin baki ya jefo min farmala a cinya. Kaki mai kauri, aljihu shida, gefe guda jini ya bushe ya yi baƙi. Ya ce, "Aikinka ne?"

Na juya ta. Kallo ɗaya na gane. Keken Iliya yana tsallake ɗinki ɗaya duk bayan kamar taƙi guda, don ƙugiyar da ke kama zare ta ƙasa ta goce. Sau nawa na ce ya kawo in daidaita masa, yana cewa ai yana ɗinki. Ga tsallaken nan a jere a bakin kowane aljihu, kamar ya sa hannu.

Na ce, "Ba nawa ba ne, ranka ya daɗe."

"Na wa ne?"

"Keke irin wannan sun yi yawa a gari."

Ya ce za mu gani. Sai ya buɗe littafina. Bai iya karanta ajaminmu ba, haruffan ya sani amma maganar ba ta shiga, sai ya kira wani mai gadi da ke jin Hausa. Ya ce duk inda aka rubuta "a rage tsawo" a ja layi. Suka ja layi a suna fiye da sittin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wandunan kanti ne. Duk na dogon mutum aka kawo, kowa sai ya rage."

"Wannan fa? Tsawo talatin da huɗu. Gajere ƙwarai."

"Mai shi ne gajere. Kuku ne a kamfanin gini, kansa bai kai kafaɗata ba. Talatin da huɗu a jikinsa har ƙasa yake ja."

"Wannan kuma? An rage har ƙwauri."

"Hajj Sanusi ne, na ƙauyen Zighan. Manomi ne, yini yake cikin ruwa yana ban ruwan dabino. In bai ɗage ba taɓo zai cinye masa wando."

Ya ce, "Kowa da hujjarsa." Ya sa aka je har Zighan aka ɗauko tsohon nan daga cikin gonarsa, da taɓo a ƙafa. Aka zaunar da shi kusa da ni a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Usta, me na yi?" Na ce, "Wando ka rage, Hajj." Ya ce, "Shekara arba'in ina ragewa." Su Salim sun ce duk wanda bai ɗage ba ya bar addini, waɗannan sun ce duk wanda ya ɗage ya ɗauki bindiga. Tsakaninsu an rasa mai hankalin da zai dubi mutum, sai ƙafar wandonsa. Ni da na yi shekaru ina auna ƙafafun mutane ban taɓa gano imani ko ta'addanci a tef ba.

Da suka kai kan sunan Salim, hafsan ya ɗago kai, don da ma nemansa suke. Na ce na yanke masa wando, gaskiya ne, farmala kuwa ya kawo na ƙi. Ya ce me ya sa ban kawo rahoto ba. Na ce na kai wa ubansa. Abin da ya biyo bayan wannan amsa ba zan ba ku labarinsa ba, amma kun ga yadda nake karkata kai in ana min magana ta hagu.

A rana ta uku suka yi abin da ya kamata su fara yi tun farko. Suka jera kekunan a tsakar gida, suka yanka kaki, kowa ya zauna a kan nasa ya ja layi biyu. Iliya ya zauna a kan nasa. Ya ja layin. Hafsan ya ɗora shi kusa da farmalar. Ko makaho ya shafa zai gane.

Iliya ya ce, "Wallahi farauta suka ce min! Usta, gaya musu!"

Na gaya musu. Na ce yaron nan ko sallar asuba sai an tashe shi, bai san komai ba sai son aiki da gaggawa. Wa zai saurari baƙo yana kare baƙo? Aka wuce da shi ciki. Mu aka sake mu a rana ta tara, bayan an duba iƙamar kowa, takardar zama ke nan, aka kori biyu da tasu ta ƙare. Hajj Sanusi sai da ya yi wata biyu, dabinonsa na shekarar ya lalace a kan itace. Iliya shekara shida ya yi, sannan aka ɗora shi a mota aka sauke a iyaka. Wani direba ya ce min ya gan shi a Agadas yana sayar da ruwa, ba ya ko son jin ƙarar keke.

Kekunanmu kuwa wata huɗu suna tsakar gidan nan, rana da yashi suna cinsu. Ƙaramar salla ta zo ta same mu da allura da zare kamar zamanin kakanni. Na ɗinka riga goma sha tara da hannu, yatsana ya kumbura har ba ya shiga ƙarfen kariya. Da aka ce mu zo mu ɗauka, kan kekena yana jikin teburin wani, nawa teburin an karya masa ƙafa. Sai da na kwance komai na jiƙa a kananzir kwana uku. Littafin awo ba a dawo da shi ba har yau. Tun daga ranar ban sake rubuta sunan mutum a takarda ba.

Salim an ce an kama shi a wani gari can gabas, an ce a'a ya tsallaka ƙasar waje, ba wanda ya tabbatar. Uban aka sallame shi daga aiki, bai daɗe ba ya rasu. Hajja Mabruka kuwa, duk azumi in ya raba tsakiya sai ga ta da yadi, ta ce in ɗinka wa Salim kayan salla. Ta ji an ce ana karɓar kaya a ƙofar wani kurkuku a arewa, sai ta hau mota ta yi tafiyar yini guda ta miƙa. Suna karɓa kuwa, su ce za a ba shi. Wata shekara ta ce, "Usta, rage ƙugu kaɗan, wurin nan ba abinci." Na rage. Wata shekara ta ce in sa yadi mai kauri, an ce akwai sanyi. Na sa. Tela ba ya gardama da uwa. Sau goma sha ɗaya na ɗinka kayan nan.

A shekara ta goma sha biyu ta zo ba yadi. Ta tsufa, sai da ta dafa ƙofa ta shigo. Ta zauna a bencin nan da kuke zaune, ta fito da wata takarda mai hatimi ta miƙo min. Na ce ban iya karanta irin wannan ba. Ta ce an rubuta ya mutu. Ba a faɗi ciwon ba, ba a faɗi kabarin ba. Shekarar da aka sa a takardar kuwa, tun bayan kaya na biyu da na ɗinka ba ya duniya.

Ta ce, "Usta Garba, to sauran tara ɗin, wa ya sa?"

Na ce ban sani ba, Hajja.

Ta ninke takardar ta mayar cikin mayafi. Ta ce, "Ko wa ya sa, ɗan wata ne. Allah ya sa sun yi masa daidai." Ta dafa ƙofa ta fita.